Tsibiran da ake mulka daga nesa, da batun wanda ake ƙirga ƙuri'arsa

A ranar 28 ga Satumba, 1958, Janar Charles de Gaulle ya sa aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa ke mulka, aka tambayi jama'a ko suna son zama cikin wata sabuwar tarayya tare da Faransa, ko kuwa su kama gabansu nan take. Dattawan Nijar ba su manta da wannan rana ba, domin Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun yi kira da a ce a'a, aka kayar da su, kuma ba a daɗe ba ya rasa kujerarsa. Gini ta Sékou Touré ce kaɗai ta ce a'a. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a wannan ranar an kaɗa wannan ƙuri'a a tsibiran Komoros da ke Tekun Indiya, da Sabuwar Kaledoniya da Folineshiya ta Faransa da ke can Tekun Fasifik. A Folineshiya ma an samu wani mai ra'ayi irin na Djibo Bakary, wato Pouvanaa a Oopa, wanda ya yi kira da a ce a'a, aka kama shi bayan 'yan makonni, aka ɗaure shi a Faransa, kuma sai a 2018 kotu ta wanke shi, shekara 41 bayan rasuwarsa. Nijar ta samu 'yancin kai a 1960. Waɗannan tsibirai kuwa, in ban da uku daga cikin huɗun Komoros, har yau tutar Faransa ce ke kaɗawa a kansu.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jerin yankuna 17 da take kira waɗanda ba su kai ga mulkin kansu ba, kuma in aka cire Yammacin Sahara da Jibralta, duk sauran tsibirai ne. Goma daga cikin 17 ɗin suna hannun Birtaniya, uku a hannun Amurka, biyu a hannun Faransa, ɗaya a hannun New Zealand. Sai dai wannan jeri bai ƙunshi kowa ba. An cire Puerto Rico daga ciki a 1953, bayan Amurka ta ce tsibirin ya samu tsarin mulkinsa na cikin gida. Martinique da Guadeloupe da Réunion kuwa tun 1946 aka mayar da su jihohin Faransa, don haka a kan takarda matsayinsu ɗaya da kowace jiha da ke kusa da Faris, ko da yake tsakaninsu da ita akwai dubban kilomitoci na ruwa. Tsibiran Aruba da Curaçao suna cikin masarautar Holan a matsayin ƙasashe masu mulkin cikin gida. Sunayen tsare-tsaren sun sha bamban, amma abin da ya haɗa su guda ne: tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kalma ta ƙarshe a kan doka duk suna wani birni da yawancin mutanen tsibirin ba su taɓa gani ba.

Dalilan da suka sa manyan ƙasashe ke riƙe da waɗannan wurare ba ɓoyayyu ba ne. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon cin moriyar ruwan da ke kewaye da gaɓarta har nisan mil 200 na teku, kimanin kilomita 370, da kifinsa da duk abin da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka ɗan tsibirin da ake iya zagayawa da ƙafa a wuni guda yana iya jawo wa mai shi teku mai faɗin da ya fi na wasu ƙasashe. Faransa, wadda girman ƙasarta a Turai bai kai rabin na Nijar ba, tana da yankin teku na sama da murabba'in kilomita miliyan 10, wanda na Amurka kaɗai ya fi shi, kuma kusan dukkansa daga tsibirai ya fito. Akwai kuma batun soja. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar tsibirin Guam sansanonin sojan Amurka ne, kuma a tsibiran Moruroa da Fangataufa na Folineshiya Faransa ta gwada makaman nukiliya sau 193 tsakanin 1966 da 1996. Sannan ga kuɗi: tsibiran Cayman da tsibiran Virgin na Birtaniya sun zama matattarar kamfanonin da ba su da ofis sai akwatin gidan waya, kuma lokacin da aka bankaɗo takardun Panama a 2016, fiye da rabin kamfanonin da ke ciki a tsibiran Virgin aka yi musu rajista.

Idan aka tuhumi Landan ko Faris ko Washington da ci gaba da mulkin mallaka, amsarsu ɗaya ce a kullum, wai mutanen tsibiran ne da kansu suka zaɓi zama. Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Lokacin da Jamaika ta samu 'yanci a 1962, mutanen Cayman, waɗanda a da daga Jamaika ake mulkinsu, sun gwammace su tsaya da Birtaniya. A 1967 mutanen Anguilla sun yi tawaye, suka kori 'yan sandan da aka turo musu daga tsibirin Saint Kitts, kuma abin da suke gudu shi ne mulkin maƙwabcinsu, har suka ƙare da komawa ƙarƙashin Landan kai tsaye. A 1995 masu zaɓe a Bermuda sun ƙi 'yancin kai da kusan kashi uku cikin huɗu. A Samoa ta Amurka, inda ake haihuwar mutum a ƙarƙashin tutar Amurka amma ba a ba shi cikakken matsayin ɗan ƙasa, gwamnatin tsibirin da kanta ta je kotu ta ƙi amincewa a ba su wannan matsayi ta hanyar hukunci, saboda tsoron kada dokokin Amurka su rusa tsarinsu na gado wanda ya hana sayar da filayen dangi ga baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsibirin da jama'arsa ba ta kai ta ƙaramar hukuma guda ba, wanda guguwa ɗaya ko aman wutar dutse ɗaya zai iya shafewa, kamar yadda toka ta binne Plymouth, babban birnin Montserrat, a 1997, yana da hujjar yin lissafi kafin ya saki reshe.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma ba ta ce dole kowa ya zama ƙasa mai tutarta ba. Ƙudurinta mai lamba 1541 na Disamban 1960 ya amince da hanyoyi uku, wato cikakken 'yanci, ko ƙawance na son rai da wata ƙasa, ko haɗewa da ita gaba ɗaya, muddin jama'ar wurin ne suka zaɓa. A ganina gardamar duka tana cikin wannan kalma ta "jama'a". Kafin a buɗe akwatin zaɓe, sai wani ya riga ya yanke inda iyakar ƙirge za ta tsaya, ya yanke wanda sunansa zai shiga rajista, a wani wurin ma ya yanke ko akwai jama'ar da za a tambaya. Mai yanke waɗannan abubuwa a kusan ko'ina shi ne mai mulkin da ake son a rabu da shi, kuma sau da yawa sakamakon zaɓen yana fita ne tun daga wannan mataki.

Mayotte ce ta fi fito da batun iyaka fili. Tsibiri ne mai murabba'in kilomita 374 tsakanin Madagaska da Mozambik, mutanensa kusan duk Musulmi ne, suna magana da Shimaore, harshe mai dangantaka da Suwahili, da kuma Kibushi mai asali daga Madagaska. Faransa ta karɓe shi a 1841 daga hannun Sarki Andriantsoly, shekaru da dama kafin ta sa hannu a kan sauran tsibiran Komoros uku, kuma a can ne hedikwatar mulkin tsibiran huɗu ta kasance. Da aka mayar da hedikwatar daga Dzaoudzi zuwa Moroni da ke babban tsibiri, ma'aikata da albashinsu suka bi ta, mutanen Mayotte suka ga alamar abin da zai same su in aka bar su da maƙwabtansu masu rinjaye. Mata ne suka ja gaba wajen bijirewa, ƙarƙashin Zéna M'Déré, kuma makaminsu ya kasance abin mamaki: sukan kewaye jami'in da aka turo daga Moroni su yi ta yi masa cakulkuli har ya galabaita ya koma jirgi, domin babu dokar da ta hukunta cakulkuli.

A ranar 22 ga Disamba, 1974, aka yi ƙuri'ar raba gardama a tsibiran huɗu. In aka haɗa ƙuri'un baki ɗaya, kusan kashi 95 cikin ɗari sun zaɓi 'yanci. In aka ware na Mayotte, kimanin kashi 63 sun ƙi. Shugaban Faransa Valéry Giscard d'Estaing da kansa ya faɗa kafin zaɓen cewa tsibiran abu guda ne kuma bai kamata a raba su ba, amma majalisar dokokin Faransa ta dage sai an karanta sakamakon tsibiri-tsibiri. Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin tsibiran, ya shelanta 'yancin Komoros a ranar 6 ga Yuli, 1975, kuma a Nuwamban shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi sabuwar ƙasar a matsayin mai tsibirai huɗu. Da aka kai maganar Kwamitin Sulhu a Fabrairun 1976, Faransa ta hau kujerar na-ƙi, ta kuma sake shirya wata ƙuri'a a Mayotte kaɗai, wadda sama da kashi 99 suka ce suna tare da ita. Ƙasashen Afirka sun tsaya a kan ƙa'idar da suka amince da ita a Alƙahira a 1964, cewa kowace ƙasa za ta gaji iyakokin da Turawa suka bar mata yadda suke, kuma har gobe Tarayyar Afirka tana ɗaukar Mayotte a matsayin yankin Komoros.

Wanda ya san tarihin Mubi da Gwoza da Ganye ba zai ga wannan gardama baƙuwa ba. A Fabrairun 1961 an tambayi mutanen Kamarun da Birtaniya ke riƙo ko su shiga Najeriya ko Jamhuriyar Kamaru, aka ƙirga ƙuri'un arewa daban da na kudu. Arewa ta zaɓi Najeriya ta zama Lardin Sardauna, kudu ta zaɓi Kamaru. Da an zuba ƙuri'un a kwando ɗaya, da Kamaru ce ta yi rinjaye, da mutanen Mubi a yau Yawunde suke kallo. Bambancin shi ne, a can Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsara yadda za a ƙirga tun kafin zaɓe, a Komoros kuwa mai mulkin ne ya sauya karatun sakamakon bayan ya ga yadda ya fito.

Duk da haka, ba za a ce wa mutanen Mayotte sun yi kuskure kai tsaye ba, domin sun ga abin da ya biyo baya a maƙwabta. Komoros ta sha juyin mulki da yunƙurinsa wajen sau ashirin, wasu daga ciki da hannun sojan haya Bafaranshe Bob Denard, har a 1997 tsibirin Anjouan ya ɓalle yana roƙon Faransa ta karɓe shi, ta ƙi. A 2009 kashi 95 na masu zaɓen Mayotte suka amince tsibirin ya zama cikakkiyar jiha, kuma a ranar 31 ga Maris, 2011, ya zama jiha ta 101 ta Faransa. An biya farashi a kan wannan. Alƙalan Musulunci, waɗanda tun kaka da kakanni su ke ɗaura aure su raba gado, an karɓe ikonsu na yanke hukunci, an kuma rufe ƙofar ƙara aure ga sababbin ma'aurata. Abin da aka samu a madadin bai kai abin da aka yi tsammani ba, domin hukumar ƙididdiga ta Faransa da kanta ta ce fiye da kashi uku cikin huɗu na mazauna Mayotte suna ƙasa da ma'aunin talauci na ƙasar, tallafin gwamnati da mafi ƙarancin albashi sun gaza na Faransar Turai, kuma a 2023 an kai ga ba da ruwan famfo kwana ɗaya cikin uku.

Amma talakan Mayotte mai arziki ne a idon mutumin Anjouan, wanda tsakaninsu kilomita 70 ne kawai na ruwa. Tun 1995, lokacin gwamnatin Édouard Balladur, aka sa wa 'yan Komoros sharaɗin biza, sai mutanen da suka saba ƙetarawa don biki ko jana'iza ko asibiti suka wayi gari sun zama baƙin haure a garin 'yan uwansu. Dubbai sun halaka a cikin ƙananan kwale-kwalen da ake kira kwasa-kwasa. A yau kusan rabin mazauna Mayotte ba su da takardar zama 'yan Faransa, da yawansu a unguwannin langa-langa suke kwana, kuma su ne mahaukaciyar guguwar Chido ta fi yi wa ɓarna a ranar 14 ga Disamba, 2024. Faransa ta tsaurara dokar samun zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa a Mayotte kaɗai, a 2018 da kuma 2025, abin da ba ta yi a sauran jihohinta ba. Wato jiha ce kamar kowace jiha idan ana maganar mallakar ƙasa da teku, amma tana da nata dokoki na daban idan ana maganar haƙƙin mutane.

A Sabuwar Kaledoniya ba a gardama a kan iyaka, a kan rajistar masu zaɓe ake yi. Faransa ta mamaye tsibirin a 1853, ta mayar da shi wurin jibge fursunoni, ta tura 'yan asalin wurin, mutanen Kanak, cikin keɓaɓɓun yankuna, ta raba filayensu ga baƙi. An gano ma'adinin nikel a 1864, kuma har yau tsibirin yana cikin manyan masu arzikinsa a duniya. A 1972, lokacin da kasuwar nikel ke ci, Firayim Minista Pierre Messmer ya rubuta wasiƙa yana cewa hanyar da za a kauce wa neman 'yancin 'yan asali ita ce a ƙarfafa ƙaurar Faransawa zuwa can har su yi rinjaye. Hakan kuwa aka yi. A ƙidayar 2019 mutanen Kanak kimanin kashi 41 ne cikin ɗari na jama'ar da ba ta wuce 270,000 da 'yan kai ba. A irin wannan hali, ƙa'idar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, wadda a ko'ina ake ɗauka ita ce adalci, tana nufin mai gida ba zai taɓa cin zaɓe a kan makomar gidansa ba.

An zubar da jini kafin a fahimci haka. Rikicin shekarun 1984 zuwa 1988 ya kai ƙololuwa a tsibirin Ouvéa, inda 'yan gwagwarmaya suka kashe jandarmomi huɗu suka yi garkuwa da wasu a cikin kogo, sojoji suka kai farmaki, mutanen Kanak 19 da sojoji biyu suka mutu. Bayan haka Jean-Marie Tjibaou, jagoran masu neman 'yanci, da Jacques Lafleur, jagoran masu son zama da Faransa, suka yi musabaha a Faris a Yunin 1988, kuma kafin shekara ta zagayo wani ɗan Kanak da ke ganin an sayar da su ya harbe Tjibaou. Yarjejeniyar Nouméa ta 1998 ta zo da abin da ba a saba gani ba a dokar Faransa: ta taƙaita rajistar zaɓen larduna da na raba gardama ga waɗanda suka daɗe a tsibirin da 'ya'yansu, ta kuma yi alkawarin za a iya tambayar jama'a har sau uku.

A zaɓe na farko, a Nuwamban 2018, masu cewa a'a ga 'yanci sun samu kashi 56.7. A na biyu, a Oktoban 2020, sun sauko zuwa 53.3. Kowa ya ga inda iska ke kaɗawa. Na uku ya faɗo a lokacin da annobar korona ta shiga tsibirin ta kashe mutane da yawa a cikin al'ummar Kanak, waɗanda al'adarsu ta zaman makoki mai tsawo ce, kuma ba a shiga gidan makoki da yaƙin neman zaɓe. Shugabanninsu suka roƙi a ɗaga, Faris ta ƙi, suka ƙaurace. A ranar 12 ga Disamba, 2021, aka samu kashi 96.5 na masu cewa a'a, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 44 na masu rajista ba. Shugaba Emmanuel Macron ya ce magana ta ƙare, tsibirin ya zaɓi Faransa sau uku. A bisa doka yana da hujja. A bisa siyasa kuwa, zaɓen da aka tsara domin a ji ta bakin mutanen da aka yi wa mulkin mallaka, aka kuma yi shi ba tare da su ba, da wuya a ce ya raba wata gardama.

Da gwamnati ta kawo ƙudurin buɗe rajistar zaɓen larduna ga duk wanda ya yi shekara goma a tsibirin, sai Nouméa, babban birnin tsibirin, ta kama da wuta a ranar 13 ga Mayu, 2024. Mutum 14 suka mutu, aka ƙona shaguna da masana'antu, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka rufe TikTok, aka kwashi wasu jagororin masu zanga-zanga, ciki har da Christian Tein, zuwa gidajen yari a Faransa, nisan kusan kilomita 17,000 daga iyalansu. Ya kamata a faɗi cewa ɗaya ɓangaren ma yana da kukansa, domin akwai wanda aka haifa a tsibirin, yake biyan haraji a can, amma ba shi da ƙuri'a a zaɓen lardinsa, akwai kuma jikokin fursunonin ƙarni na 19 waɗanda ba su da wata ƙasa da za su koma. An dakatar da ƙudurin, kuma a Yulin 2025 aka sa hannu a garin Bougival kan wani shiri na kafa "ƙasar Sabuwar Kaledoniya" a cikin Faransa, wanda babbar ƙungiyar masu neman 'yanci, FLNKS, ta yi fatali da shi bayan wata guda. A Guam ma an yi irin wannan taƙaddama, inda kotunan Amurka suka soke shirin ƙuri'ar jin ra'ayi da aka keɓe wa 'yan asalin tsibirin, suka ce wariyar launin fata ce.

A tsibiran Chagos da ke tsakiyar Tekun Indiya kuwa Birtaniya ta bi wata hanya ta daban, ta kawar da jama'ar gaba ɗaya. A Satumban 1965, ana tsakiyar tattaunawar 'yancin Morishus a Landan, aka matsa wa jagoran Morishus, Seewoosagur Ramgoolam, da abokansa suka amince a yanke Chagos daga ƙasarsu a kan fam miliyan 3. A shekara ta gaba Birtaniya ta ba Amurka Diego Garcia, mafi girma a cikin tsibiran, don ta kafa sansani, ita kuma ta samu rangwamen dala miliyan 14 a cinikin makamai masu linzami na Polaris. Matsalar ita ce akwai mutane a wurin, jikokin bayin da aka kawo daga Madagaska da Mozambik da 'yan ƙwadago daga Indiya, waɗanda suka yi zuriya bayan zuriya suna aikin gonakin kwakwa, da majami'unsu da maƙabartunsu. In aka yarda cewa mazauna ne na dindindin, to dole Birtaniya ta riƙa ba Majalisar Ɗinkin Duniya rahoto a kansu, wata rana kuma ta tambaye su abin da suke so. Sai jami'ai suka shirya a riƙa kiransu 'yan ƙwadagon wucin gadi. Takardun da aka buɗe daga baya sun nuna ƙarara cewa sun san abin da suke faɗa ba gaskiya ba ne.

Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe mutum 1,500 zuwa 2,000. Wanda ya tafi Morishus neman magani sai a hana shi tikitin komawa, aka rage kayan abincin da jirgi ke kawowa, aka tattara karnukansu aka kashe da hayaƙi a gaban idonsu, aka loda sauran a jiragen ruwa aka sauke su a tashar Port Louis da tsibiran Seychelles. Daga wannan sansani ne jiragen Amurka suka tashi suka yi ruwan bama-bamai a Iraƙi a 1991 da 2003, da Afganistan a 2001. Olivier Bancoult, wanda aka fitar da shi yana yaro, ya yi nasara a babbar kotun Landan a 2000, amma a 2004 gwamnati ta yi amfani da ikon fadar Sarauniya ta sake haramta komawa ba tare da ta bi ta majalisa ba, kuma a 2008 kotun ƙoli ta lokacin ta goyi bayan gwamnati da rinjayen alƙalai uku a kan biyu.

Ƙasashen Afirka ne suka ja gaba har Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa maganar ga Kotun Duniya, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka yi jawabi a gabanta a 2018 suna goyon bayan Morishus. A ranar 25 ga Fabrairu, 2019, kotun, ƙarƙashin shugabancin alƙali Abdulqawi Yusuf ɗan Somaliya, ta ba da fatawa da rinjayen 13 a kan ɗaya cewa yanke Chagos ya saɓa wa doka kuma Birtaniya ta fita da gaggawa. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya mara wa wannan baya da ƙuri'a 116 a kan 6. Hujjar da kotun ta kafa, cewa mai mulki ba shi da ikon yanke wani yanki ya riƙe kafin ya ba da 'yanci, ita ce hujjar da Komoros ke kafawa a kan Mayotte tun 1975, sai dai a Mayotte akwai jama'ar da ke cewa ba ta so.

A ranar 22 ga Mayu, 2025, Firayim Ministan Birtaniya Keir Starmer da na Morishus Navin Ramgoolam, ɗan wancan Ramgoolam na 1965, suka sa hannu a kan yarjejeniyar mayar wa Morishus tsibiran, bisa sharaɗin Birtaniya ta riƙe Diego Garcia haya na shekara 99 a kan abin da gwamnatinta ta ƙiyasta fam miliyan 101 a shekara. An ware fam miliyan 40 a asusun tallafa wa mutanen Chagos, an kuma ce Morishus za ta iya mayar da su ƙananan tsibiran, amma ban da Diego Garcia, inda da yawansu aka binne iyayensu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kan mutanen Chagos ɗin ma a rabe yake: ƙungiyar Bancoult a Morishus ta yi maraba da yarjejeniyar, da yawa daga cikin waɗanda suka koma garin Crawley na Ingila kuwa suna cewa Morishus ba ta taɓa riƙe su da mutunci ba, kuma babu wanda ya zaunar da su a teburin tattaunawa. A daren da ya gabaci sa hannun, wasu mata biyu da aka haifa a Diego Garcia suka samu umarnin kotu na dakatar da bikin. Kafin azahar wani alƙali ya janye umarnin, aka sa hannu da rana.